AMSOSHIN WASIƘUNKU: Yadda Yaro Zai Shirya Wa Turancin Jarrabawar Shiga Karatun Kasuwanci

Kamar yadda muka saba, abin da muka karanta muku a rediyo shi muke bugawa a nan, domin wanda batirinsa ya mutu, ko yana gona lokacin da shirin ya wuce, ya samu ya karanta, ko a karanta masa.

Wannan mako wasiƙu uku ne suka zo mana daga kudancin Kano a kan magana ɗaya, don haka muka gama su wuri guda.

Ta farko daga wani dattijo manomin masara a ƙasar Doguwa. Ga abin da yake cewa: "Bayan gaisuwa mai yawa, ɗana yana son ya karanta harkar kasuwanci a jami'a. Sau biyu ke nan ina sayar da masara ina biya masa kuɗin jarrabawa, yana dawowa yana ce mini Turanci ne ya kayar da shi. Ni ban yi boko ba. Shin me ake tambaya a Turancin nan, kuma in sake biya masa ko in ce ya zauna mu yi noma?"

Ta biyu daga wata baiwar Allah mai turara shinkafa a Tudun Wada, wadda 'yarta ke son karatun akanta. Ita tambayarta: wata nawa ya kamata yarinya ta yi tana shiri, kuma da wane littafi?

Ta uku daga wani matashi a Kwanar Dangora da ke ƙasar Kiru. Ya gama digiri, yana sayen hatsi, kuma yana son ƙaro karatun kasuwanci a ƙasar waje. Ya ce wani ya ba shi tsohon littafin jarrabawar GMAT cike da tambayoyin gyaran jimla, shin ya duƙufa a kansa?

To madalla, mun gode da waɗannan wasiƙu. Bari mu ɗauke su daki-daki.

WACE JARRABAWA CE?

Alhaji, ƙofar da ɗanka yake ƙwanƙwasawa ita ce ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 domin shirya jarrabawar shiga manyan makarantu. Da can jarrabawar jami'a daban, ta kwalejin kimiyya da ta horon malamai daban. Daga 2010 aka gama su suka zama ɗaya, ana ce mata UTME. Daga 2015 kuma aka daina ta takarda da fensir, kowa a gaban kwamfuta yake amsawa. Ko Jami'ar Bayero ta Kano yaro yake nema, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko makarantar koyon harkar gudanarwa ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, ta nan zai fara bi.

Darasi huɗu ake yi. Turanci dole ne ga kowa. Mai son karatun kasuwanci ko akanta yakan haɗa da lissafi, da ilmin tattalin arziki, da wani darasi ɗaya da ya dace, gwargwadon sharaɗin makarantar da ya zaɓa. Tambayoyi 180 ne gaba ɗaya: Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne. Lokaci kuwa awa 2 ne, maki duka 400. In ka raba awa 2 a kan tambaya 180, kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu. Ka ji inda gizo ke saƙar.

Kuma kada ka ɗauka ɗanka ne kaɗai. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a watan Mayun 2025, cikin ɗalibai sama da miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Wato abin yana kayar da 'yan birni da 'yan ƙauye baki ɗaya.

Yanzu ga yadda manhajar hukumar ta kasa tambayoyin Turanci 60 ɗin. Kashi na farko 25 ne: 5 a kan labarin da za a ba yaro ya karanta, 10 a kan wani labarin da aka ciccire wa kalmomi ya cike, 10 kuma a kan littafin da hukumar ta zaɓa. Littafin yana canzawa. Daga 2021 zuwa 2024 The Life Changer ne na Khadija Abubakar Jalli, a 2025 aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba, don haka a tambayi na shekarar wurin rajista. Kashi na biyu shi ma 25 ne, a kan kalmomi da ginin jimla: ma'anar jimla 5, kishiyar kalma 5, kalma mai ma'ana ɗaya da wata 5, nahawu zalla 10. Kashi na uku 10 ne, a kan furuci.

To ka lura. In ka haɗa 25 na kashi na biyu da 10 na cike gurbi, tambaya 35 ke nan cikin 60 da suka rataya a kan sanin kalma da nahawu. Fiye da rabi. Abin farin ciki kuwa, nahawu ba sa'a ba ne, doka ce da shi, kuma dokokin da ake yawan tambaya ba su da yawa.

INDA BAHAUSHE YAKE TUNTUƁE

Yawancin kuskuren yaranmu ba na rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Yaro yana tunani da Hausa, sai ya ɗauki ginin Hausa ya sa masa kalmomin Turanci. Kamar mai auna hatsi ne da tiyar garinsu a kasuwar da ake awo da wata tiya daban: hatsin mai kyau ne, ma'aunin ne ya saɓa. Ga wurare takwas da ya kamata a sa wa ido. Wanda bai iya boko ba ya sa yaron ya karanta masa wannan sashe da ƙarfi, ya kuma yi masa bayani da Hausa. In ya iya bayanin, to ya gane.

Na ɗaya, dacewar mai aiki da aikinsa. Da Hausa muna cewa "farashin buhunan nan ya tashi". Ba ma cewa "sun tashi", domin farashi ne ya tashi, ba buhuna ba. Haka Turanci: "The price of these bags has gone up." Mai jarrabawa zai ajiye kalmar "bags" dab da gurbin, don yaro ya ga jam'i ya zaɓi "have". Maganin shi ne ya tambayi kansa: wa ya yi aikin? Haka kuma "everybody" da "each" tilo ne, kamar yadda muke cewa "kowa ya zo", ba "kowa sun zo" ba. In an ga "neither" da "nor", to aikatau yana bin sunan da ya fi kusa da shi: "Neither the loaders nor the driver was paid."

Na biyu, lokaci. Bahaushe yana cewa "na sayar da masara jiya", yana kuma cewa "ai na sayar da masarar". Duka "na sayar" ne. Bature ya raba su. In an ambaci lokacin da ya wuce, kamar jiya ko bara, sai "I sold the maize yesterday". In ba a ambaci lokaci ba, ana nufin aikin ya kammala ne kurum, sai "I have sold the maize". Ba a gama "have sold" da "yesterday". Sannan in aiki ya faro tun da, har yanzu ana yi, kamar "tun 2020 yake sayar da taki", to "He has been selling fertilizer since 2020". Kalmar "since" tana bin ranar farawa, "for" kuma tana bin tsawon lokaci: "for five years".

Na uku, tarkon "ina". Yaro ya koyi cewa "ina tafiya" shi ne "I am going", sai ya ɗauka duk inda "ina" ta fito haka ne. Sai ka ji "I am having ten bags" a maimakon "ina da buhu goma". Daidai shi ne "I have ten bags". Haka sani, da mallaka, da fahimta: "I know", "I own", "I understand".

Na huɗu, abin ƙirge da abin awo. Kai da kake kasuwa ka san ba a ƙirga gero da ƙwaya, awo ake yi. Buhu kuwa ƙirga shi ake yi. Turanci yana da kalmomin da ya ɗauka a matsayin abin awo, ba a yi musu jam'i: "advice", "information", "equipment", "furniture", "luggage". Mu muna cewa shawarwari da bayanai, shi ya sa yaro yake ƙara musu harafin "s", ya faɗi. Abin ƙirge yana tafiya da "many" da "few", abin awo kuma da "much" da "little". Wato "many bags", amma "much rice".

Na biyar, jinsi. A Hausa kusan kome namiji ne ko mace: mota ta lalace, buhu ya yage. A Turanci mota da buhu duka "it" ne. "He" da "she" na mutane ne, sai wani lokaci dabbar da aka san jinsinta.

Na shida, ƙananan kalmomin wuri da lokaci. Harafin "a" ɗaya yana yi mana aiki da yawa: a Kano, a watan Afrilu, a ranar Litinin. Turanci ya kasa shi: "in Kano", "in April", "on Monday", "at two o'clock". Waɗannan ba su da wata dabara sai hadda tare da kalmar da suke bi: "prefer rice to maize", "congratulate him on", da "discuss the matter" ba tare da "about" ba. A nan ne kuma maganar rance take. Mu mukan ce "ranta mini" da "na ranta", tushe ɗaya. Bature yana da biyu: mai bayarwa "lend", mai karɓa "borrow". Saboda haka "Lend me some money", ba "borrow me" ba.

Na bakwai, wutsiyar tambaya. Mu da "ko ba haka ba?" muke rufe kowace magana, sai yaro ya riƙa manna "isn't it" a ko'ina. A Turanci wutsiyar tana canzawa da jimlar. In jimlar ta tabbatar, wutsiyar ta kore. In jimlar ta kore, wutsiyar ta tabbatar: "He has paid, hasn't he?" da kuma "She didn't come, did she?"

Na takwas, "in" da "da". Wannan Hausa ta riga ta koya mana. "In ruwa ya sauka za mu yi shuka", abu ne da ake sa rai: "If it rains, we will plant." "Da ruwa ya sauka da mun yi shuka", abu ne da ya riga ya wuce bai faru ba: "If it had rained, we would have planted." Yaron da ya riƙe wannan bambanci da Hausa ba zai gauraya su da Turanci ba.

Game da furuci kuwa, a taƙaice, a kula da sautukan da harshenmu bai raba ba: "pan" da "fan", "ban" da "van". Kuma kamar yadda garin Bebeji da garin tuwo suka bambanta a baki ko da rubutunsu ɗaya ne, haka Turanci yake bambanta kalma da gaɓar da aka danna wa murya. Kalmar "record" in an danna gaɓar farko suna ce, in an danna ta biyu aikatau ce. Wannan sai da sauraro. Rediyon da ke hannunka ma makaranta ce: a bar yaro ya riƙa jin labaran Turanci ko na minti 10 ne kullum.

YADDA AKE TUNKARAR TAMBAYA

Hajiya, ke kin san yadda ake tsince shinkafa: ba ƙwaya mai kyau ake nema ba, tsakuwa ake fitarwa. Haka za ki gaya wa 'yarki. Kowace tambaya amsa huɗu gare ta, A zuwa D. Ta karanta jimlar har ƙarshe kafin ta dubi amsoshin. Ta gano mai aikin. Ta nemi kalmar da ke nuna lokaci. Sai ta fitar da biyun da kuskurensu ya fito fili, ta auna biyun da suka rage. In tambaya ta gagara, ta zaɓi wadda ta fi kwanta mata ta wuce, in lokaci ya rage ta dawo. Ba a rage wa mutum maki don ya zaɓi amsar da ba daidai ba, saboda haka barin tambaya ba amsa asara ce tsantsa. Tambayar nahawu, ga wanda ya san dokar, ba ta cin daƙiƙa 20. Rarar lokacin sai a kai wa lissafi.

Wani gargaɗi kuma: kada ta dogara da "haka na ji ana faɗa". Turancin tasha da na kasuwa yana biyan bukata, ba mai raina shi, amma ba shi ake tambaya ba.

WATA NAWA, DA WANE LITTAFI?

A 'yan shekarun nan rajista takan faɗo a farkon shekara, jarrabawar kuma wajen watan Afrilu. Ga mutumin karkara wannan ya yi daidai. An gama kaka, an kai amfani gida, damina ba ta faɗi ba. Wata huɗu ke nan zuwa biyar. Amma fa ba a fafe gora ranar tafiya. Ga tsarin mako 16 da muke ba da shawara:

Mako na 1, gwaji. Yaro ya zauna ya amsa tambayoyin Turanci na wata shekara da ta wuce, ba leƙen amsa, sannan ya ƙirga abin da ya ci. Wannan shi ne awon farko.

Mako na 2 zuwa na 9, doka ɗaya kowane mako daga cikin takwas ɗin nan. Ya karanta dokar, ya amsa tambaya 20 a kanta kullum, ya kuma ƙirƙiri jimla 5 nasa da kayan da ya sani: taki, buhu, rance, mota.

Mako na 10 zuwa na 12, kalmomi da littafin hukuma. Ya karanta littafin da kansa daga farko har ƙarshe, ba taƙaitawar da ake sayarwa ba. Kalma 10 sabbi kullum, kowace da kishiyarta.

Mako na 13 zuwa na 16, gwaji da agogo. Tambaya 60 cikin minti 40, sau uku a mako.

Awa ɗaya bayan sallar asuba, kullum, ta fi kwana biyu ana karatun dare dab da jarrabawa. Masu aikin noman rani da ruwan Tiga, da masu tsaron shago, su ma za su iya fitar da wannan awa in gida ya yarda.

Kayan aiki huɗu ne kurum. Manhajar hukumar, wadda take kyauta a shafinta na intanet. Littafin tambayoyin baya, ana samunsa a shagunan littattafai na Kano da Zariya, sai dai a sani wasu bugun suna da kuskure a amsoshinsu, don haka in amsa ta saɓa wa doka a kai wa malamin Turanci ya duba. Ƙamus mai kyau. Na huɗu kuwa, wanda ya fi su duka, littafin rubutu mai arha da za a kira littafin kuskure. Duk tambayar da yaro ya faɗi ya rubuta ta, ya rubuta amsar daidai, ya rubuta dalili da Hausa. Ranar Juma'a ya bi su duka. Ɗan kasuwan da ba ya rubuta bashi ba ya sanin inda jarinsa yake zurarewa. Haka ɗalibi.

In yara uku ko huɗu a unguwa suna shiri, su haɗu sau biyu a mako, kowa ya koyar da doka ɗaya. A ƙasar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa akwai malaman sakandare da masu yi wa ƙasa hidima. A nemi ɗaya ya riƙa duba su ko sau ɗaya ne a mako.

ABIN DA UBA DA UWA ZA SU YI

Alhaji, ka ce ba ka yi boko ba, amma ai ka iya ƙirga. Kowane ƙarshen mako ka tambayi ɗanka: cikin 60 nawa ka ci? Ka sa a rubuta a bango ko a takarda. In ya fara da 20, bayan wata biyu ya kai 30, bayan wata uku ya haura 40, to kuɗinka yana haihuwa. In wata biyu sun wuce lambar ba ta motsa ba, to ko dai ba ya karatun, ko tushen ne babu, sai a koma littafin ƙaramar sakandare a faro daga can. Ba abin kunya ba ne.

Ga kuma abubuwan da kan kayar da yaro tun kafin ya ga tambaya. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar ɗan ƙasa, wato NIN. A tabbata sunan da ke kanta da ranar haihuwa sun yi daidai da na takardar sakandare. Muhammad a nan, Mohammed a can, yana iya jawo wahala ranar tantancewa. Layin wayar da aka yi rajista da shi a adana shi, kada a bayar aro, domin ta nan saƙonni suke zuwa. A yi rajista a cibiyar da hukuma ta amince da ita kawai, kuma yaro ya zauna a gaban mai cikewa ya duba darussan da aka zaɓa masa da idonsa. Sannan cin wannan jarrabawa kaɗai bai isa ba, sai da kiredit 5 a jarrabawar gama sakandare, har da Turanci da lissafi.

Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, ya je ya taɓa ta tun da wuri. Ba wani abin tsoro ba ne: harafin A, B, C ko D na zaɓen amsa, N na zuwa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Hukumar tana shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske, ana nuna sha'awa lokacin rajista. Ga ɗan Riruwai ko Daɗin Kowa da bai saba ba, kuɗin motar zuwa wannan gwaji ba asara ba ne.

Na ƙarshe, a guji masu cewa a kawo kuɗi za su kawo amsa, ko za su ƙara maki. Damfara ce, kuma wanda aka kama da satar amsa ana soke sakamakonsa, har ma ya fuskanci shari'a. Gara kuɗin su tafi ga ƙamus da fitila.

To, ka sake biya ko kada ka biya? Shawararmu, ku yi yarjejeniya kai da ɗanka tun kaka. Kai ka ba shi awa ɗaya ta asuba da kayan karatu, shi kuma ya kawo maka lamba duk mako. In lokacin rajista ya zo ka ga lambar tana hawa, ka biya da zuciya ɗaya. Kuma ya sa kwalejin kimiyya da fasaha cikin zaɓinsa. Difloma ta shekara 2 a harkar kasuwanci hanya ce mai kyau, daga nan ma ana iya shiga jami'a kai tsaye. Noma da karatun nan ba kishiyoyi ba ne. Wanda ya iya lissafin jari da karanta takardar yarjejeniya, shi ne ba a cuta a cinikin masara.

AMSAR MAI DIGIRI

Samari na Kwanar Dangora, taka daban ce. GMAT jarrabawa ce ta masu neman digiri na biyu a harkar kasuwanci, wato MBA. An fara ta a Amurka a 1954, ta samu sunan da take da shi yanzu a 1976. Gaskiya ne da can tana da tambayoyin gyaran jimla, inda ake ja wa wani yanki layi a ba ka zaɓi 5. Amma a watan Nuwamban 2023 aka fito da sabon tsari wanda ya cire su ɗungurungum, tsohon tsarin kuma aka rufe shi a ƙarshen Janairun 2024. Yanzu kashi uku ne, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar magana da auna hujja tambaya 23, nazarin alƙaluma tambaya 20. Maki daga 205 zuwa 805, kuma sakamakon yana aiki shekara 5.

Saboda haka kada ka ƙarar da watanni a kan wancan littafi da sunan shirin GMAT. Amma kada ka jefar da shi. Makarantun waje da yawa suna neman shaidar iya Turanci kamar IELTS ko TOEFL, suna kuma sa ka rubuta takardar bayanin kanka. A nan darussa biyu na tsohon littafin za su yi maka rana. Na farko, kwatanta abu da irinsa. Da Hausa muna cewa "farashin shinkafa a nan bai kai na Kano ba". Wannan "na" ɗin dole ya fito a Turanci: "lower than that in Kano", ba "lower than Kano" ba, in ba haka ba ka kwatanta farashi da gari. Na biyu, jimlar da ta ɓatar da mai aikinta: "After selling the maize, the money was shared." Wa ya sayar, kuɗin? Daidai shi ne "After selling the maize, the farmers shared the money."

Kafin ka kashe ko sisi, ka rubuta wa makarantar da kake so ka ji ko tana neman GMAT ɗin ma, domin ba duka ke nema ba, wasu kuma suna karɓar GRE a madadinta. Ka kuma tuna a nan gida Jami'ar Bayero tana da Makarantar Kasuwanci ta Dangote, inda ake yin MBA ba tare da ka bar cinikin hatsinka ka tsallaka teku ba.

ƊAN GWAJI KAFIN MU RABU

A ba yaro waɗannan ya cike, minti 2 kacal:

1. The list of debtors ___ missing. A. are B. is
2. She ___ the shop last year. A. opened B. has opened
3. He gave me good ___. A. advices B. advice
4. They have gone, ___? A. isn't it B. haven't they
5. If he had come early, he ___ the lorry. A. would have met B. will meet

Amsa: 1 B, 2 A, 3 B, 4 B, 5 A. Wanda ya ci duka, a ce ya faɗi dalilin kowace da Hausa. Wanda ya faɗi biyu ko fiye, ya san makon da zai fara.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Alhaji na Doguwa, Hajiya ta Tudun Wada, da samari na Kwanar Dangora, da fatan mun share muku hawaye. Allah ya ba yaranmu sa'a, ya sa albarka a noma da kasuwa. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.